Kafin ka sayi allon buga gem, ka san abin da lambobin kwali ke nufi

Duk wanda ya je sayen allon kwamfuta don buga gem, lambobi ne ke fara yi masa maraba. A jikin kwali an rubuta 165Hz, 1ms, 4K, HDR, kowanne da manyan baƙaƙe, mai shago kuma yana ta nanata su: "Oga, ɗauki wannan, milisakan ɗaya ne, babu na biyunsa." Lambobin nan ba ƙarya ce zalla ba, amma kowannensu yana da sharaɗi, kuma ba a rubuta sharaɗin a kwali. Mafi girmansu yana gida, a kan teburinka. Allo ba ya ƙirƙirar hoto da kansa, abin da kwamfuta ko PlayStation ta turo masa shi yake nunawa. Shi ya sa a wurina zaɓen allo yake farawa da tambayoyi biyu: wace na'ura gare ka, kuma wane gem ka fi bugawa? Wanda ya amsa su tsakani da Allah ya riga ya ware rabin kayan shagon gefe.

Mu fara da Hz, domin shi ne lambar da ido ya fi saurin shaidawa. Motsin da kake gani a allo hotuna ne tsayayyu ake jerowa ɗaya bayan ɗaya, da saurin da zai sa ido ya ɗauka abu ne ke tafiya. Allo mai 60Hz yana sauya hoto sau 60 a daƙiƙa, wato kowane hoto yana zama na milisakan 16.7 kafin na gaba ya karɓe shi. Milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa. A 144Hz zaman ya koma milisakan 6.9, a 240Hz ya koma 4.2, a 360Hz kuma 2.8. Dubi yadda ribar take raguwa. Daga 60 zuwa 144 ka ci kusan milisakan 10, kuma wannan ko wanda bai taɓa riƙe fad ba zai gan shi da zarar ya motsa linzami a allon. Daga 144 zuwa 240 ribar ba ta kai milisakan 3 ba. Daga 240 zuwa 360 kuwa ba ta kai ɗaya da rabi ba, ga shi a nan ne farashi yake tashi. Masu buga gasar Counter-Strike ko Valorant don kuɗi suna da hujjar bin waɗannan 'yan milisakan. Sauran jama'a, abin da ke tsakanin 144 da 180 ya wadatar ƙwarai, kuma yanzu shi ne ya cika kasuwa.

To amma fa Hz iyakar abin da allo zai iya nunawa ne. Adadin hotunan da za su iso masa a kowace daƙiƙa, wanda ake rubutawa fps, aikin katin hoto ne, wato abin da 'yan kasuwa ke kira girafik. In katinka hoto 55 yake iya fitarwa a gem ɗin da kake so, sayen allo mai 240Hz tamkar jona ƙaton tiyo ne a famfon da ruwansa ke ɗiga. PlayStation 4 ba ta wuce 60 ko da wane allo aka haɗa ta. PlayStation 5 da Xbox Series X, waɗanda suka fito a watan Nuwamba na 2020, suna kaiwa 120, shi ma a wasu wasannin kawai. Wasannin faɗa irin su Tekken da Street Fighter an ɗaure su a kan 60 da gangan, domin a kan wannan adadin aka lissafa kowane naushi da kowace kariya. Wanda rayuwarsa ta gem ba ta wuce ƙwallo a PS4 ba, kyakkyawan allo mai 60 ko 75Hz ya fi masa amfani a kan mai arha da aka rubuta wa 165.

Sai maganar tsabtar hoto. Allo ƙananan ɗigo ne aka jera, ana ce musu fiksel. Wanda ake kira 1080p yana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, jimla kimanin miliyan 2.07. Na 1440p yana da 2560 da 1440, kimanin miliyan 3.7. Na 4K yana da 3840 da 2160, kusan miliyan 8.3, ninki huɗu cif na 1080p. Kowane ɗigo a cikinsu katin hoto ne zai lissafa launinsa, a kowane hoto, sau ɗari da wani abu a daƙiƙa. Ke nan tsabta da sauri suna ci ne daga tukunya ɗaya, in ka ƙara wa ɗaya ka rage wa ɗaya. Katin da ke gudu sumul a 1080p zai iya fara haki a 1440p, a 4K kuwa ya durƙusa. Akwai dabaru irin su DLSS na Nvidia da FSR na AMD (kamfanoni ne masu ƙera katin hoto), masu zana hoton a ƙaramin ma'auni sannan su faɗaɗa shi, kuma suna taimakawa sosai, sai dai ba kowane gem ne yake ɗauke da su ba.

Girman allo da yawan ɗigonsa tare ake auna su. Allo mai inci 24 a 1080p yana da ɗigo kusan 92 a kowane inci, kuma hotonsa yana fita da kyau. In aka baza ɗigon nan a kan inci 27, sai su koma 82, rubutu ya fara nuna haƙora ga wanda ke zaune kusa. Inci 27 a 1440p yana ba da 109, kuma wannan haɗin shi nake ganin ya fi dacewa da mai matsakaiciyar kwamfuta zuwa babba, musamman in da allon zai yi aikin makaranta ko na ofis. 4K ya fi nuna kansa a inci 32. Mai 1080p a inci 32 kuwa ka bar shi a shago, sai dai in daga nesa za ka riƙa kallo. Akwai kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba: in ka sayi 1440p da niyyar rage gem zuwa 1080p duk lokacin da kwamfutar ta gaza, hoton zai yi dishi-dishi fiye da yadda zai fita a allon 1080p na asali, saboda ɗigon biyun ba su rabuwa daidai da juna.

Inda ya fi cancantar a tsaya shi ne irin gilashin allon, domin shi ne ba ya gyaruwa da saiti. Yawancin abin da ake sayarwa da sunan LED a haƙiƙa LCD ne. Akwai fitila a baya mai haskawa koyaushe, a gabanta kuma akwai wani ruwa mai ƙwayoyi da ke juyawa in an ba su wuta, su buɗe wa hasken hanya ko su toshe ta. Yadda aka shirya ƙwayoyin nan shi ya raba allunan gida uku.

TN shi ne tsoho, mai arha, mai sauri. Aibinsa launi maras armashi, kuma da ka ɗan sunkuya ko ka koma gefe sai hoton ya canja kala. A da shi ne zaɓin 'yan gasa saboda saurinsa, yanzu an kamo shi. IPS, wanda kamfanin Hitachi na Japan ya fito da shi a 1996, launinsa mai kyau ne kuma ba ya sauyawa daga kowace kusurwa. Rauninsa baƙi. Bambancin fari da baƙinsa yakan tsaya wajen 1000 bisa 1, don haka in ka kashe fitilar ɗaki kana buga gem mai duhu, baƙin sai ya koma toka-toka, kusurwoyin allon kuma su riƙa wani ƙyalli. VA ya fi shi a nan nesa ba kusa ba, yakan kai 3000 bisa 1 ko fiye, dare a cikin gem ya zama dare na gaske. Amma ƙwayoyinsa suna da nawa wajen fita daga baƙi zuwa launi mai ɗan duhu. Ka juya kyamara a cikin kogo ko lungu mai duhu, sai ka ga inuwa baƙa tana jan jiki a bayan kowane abu. Wasu ba ta damunsu ko kaɗan. Wasu kuma da sun gan ta sau ɗaya ba sa iya daina ganinta. VA masu tsada sun rage matsalar sosai, masu arha kuwa har yanzu suna fama da ita.

OLED dabam yake da dukansu. Babu fitila a baya, kowane ɗigo shi ke haska kansa, in an ce baƙi sai ya mutu ɗungum. Yana sauya launi cikin ƙasa da milisakan ɗaya da gaske, ba na talla ba. Ya shigo allunan gem da ƙarfi daga 2022, lokacin da Alienware ta fitar da mai inci 34 da gilashin Samsung. Hotonsa ya fi na kowa, wannan babu gardama. Matsalarsa biyu ce: tsada, da kuma tabo. Abin da ya daɗe a wuri ɗaya, kamar allon maki a kusurwar wasan ƙwallo, ko taswirar gem, ko layin ƙasa na Windows, yana iya barin inuwarsa ta dindindin bayan dogon amfani. Wasu kamfanoni suna ba da garantin shekara uku a kan wannan, amma wanda ya sayi nasa ta hannun ɗan kasuwar da ya yo oda daga waje ya tambayi kansa ko garantin zai biyo kayan har inda yake. Mai gidan gem da allonsa ke kunne daga safe har dare a kan wasa ɗaya, ba na ba shi shawarar OLED.

In aka ce in zaɓa wa mutumin da ban san ɗakinsa ba, IPS zan ce. Ɗakunanmu da rana akwai haske, kuma a cikin haske raunin baƙinsa ba ya fitowa sosai. Ga shi kuma sau da yawa ba mutum ɗaya ke kallon allon ba: biyu suna bugawa, uku suna tsaye a baya suna jiran layi. Wannan dalilin ne ma ya sa na fi son shimfiɗaɗɗen allo a kan mai lanƙwasa. Lambobi irin su 1800R ko 1000R da ake rubuta wa masu lanƙwasa suna nufin zurfin gantsarewar, ƙaramar lamba ta fi lanƙwasa, kuma an yi su ne don mutum ɗaya da ke zaune a tsakiya daidai. A allo mai faɗin gaske, inci 34 zuwa sama, lanƙwasar tana da amfani. A inci 24 ko 27 ado ce kawai.

Yanzu 1ms ɗin nan da mai shago ya fi so. Abin da ake aunawa shi ne lokacin da ɗigo ke ɗauka ya tashi daga wani launi zuwa wani. Sauyin launi kuwa iri-iri ne, wani mai sauri wani mai nawa, kamfani kuma mafi saurin yake ɗauka ya buga a kwali. Kafin ma a samu wannan lambar, sai an ƙure wani saiti da ke ƙara wa ƙwayoyin wuta don su yi hanzari. In aka ƙure shi, ɗigon yakan zarce launin da ake nema sannan ya dawo, sai ka ga wani farin zobe ko inuwa mai haske tana bin ɗan wasa a guje. Wato lambar ta samu, hoton ya lalace. Akwai kuma wani 1ms ɗin da ake rubuta wa MPRT a gefe, shi kuma ta hanyar kashe fitilar baya da kunna ta tsakanin hoto da hoto ake samunsa. Motsi yana fita tas, amma hasken allo yana raguwa, wasu mutane kansu yana ciwo, kuma a yawancin alluna ba a iya haɗa shi da daidaita sauri da za mu zo kansa. Ma'aunin da ya fi amfani shi ne: shin ɗigon yana gama sauyawa kafin hoto na gaba ya iso? A 144Hz yana da milisakan 6.9. In ya cika wannan ba tare da zarcewa ba, allon ya yi. Kwali ba zai gaya maka haka ba, sai masu gwaji da na'urar awo, irin su RTINGS da Monitors Unboxed. Ka nemi cikakkiyar lambar samfurin, ba sunan kamfani kawai ba, domin kamfani ɗaya yana da mai kyau yana da na banza, kuma wani lokaci harafi ɗaya ne ya raba sunayensu.

Kada a haɗa wannan da jinkirin umarni, wato tazarar da ke tsakanin danna maɓalli da ganin sakamakon a allo. Allunan gem na yanzu kusan duka sun yi kyau a nan. Talabijin ce ke da matsalar, saboda tana tsayawa yi wa hoto kwalliya kafin ta nuna shi. Mai bugawa a talabijin ya shiga saiti ya kunna yanayin gem, zai ji bambanci a hannunsa nan take.

Daidaita sauri kuwa, a ganina, ya fi duk wani ƙarin Hz muhimmanci ga mai ƙaramin ƙarfi. Katin hoto ba ya tafiya da gudu ɗaya. Yanzu yana 90, an yi fashewa a gem ya sauko 62, an shiga ɗaki ya haura 110. Allon da ke sauyawa a ƙayyadadden lokaci yakan nuna rabin sabon hoto da rabin tsoho, sai ka ga hoton ya tsage a tsakiya. Tsohon maganin shi ne V-Sync, mai tilasta wa kati ya jira allo, amma yana kawo jinkiri da tsattsayawa. A 2013 Nvidia ta juya lamarin da G-Sync: allo ne zai riƙa jiran kati, ya sauya daidai lokacin da hoto ya kammala. Sai dai yana buƙatar wata na'ura ta musamman a cikin allon, mai ƙara tsada. AMD ta fito da FreeSync a 2015 a kan buɗaɗɗen tsari da ba ya buƙatar wannan na'urar, a farkon 2019 kuma Nvidia ta amince katunanta su yi aiki da irin waɗannan allunan. A yau kusan kowane allon gem yana da shi. Abin dubawa shi ne iyakarsa, wanda ake rubutawa kamar 48 zuwa 144. Mai PS5 kuma ya lura: ita ta hanyar VRR, wato daidaita sauri na ramin HDMI, take yi, wanda Sony ta ƙara mata a 2022, kuma ganin FreeSync a kwali ba ya tabbatar da cewa zai yi aiki da ita.

Wannan ya kawo mu ga ramukan bayan allo, inda kuɗin mutane da yawa ke maƙalewa. HDMI 2.0 yana ɗaukar gigabit 18 a daƙiƙa, wanda ya isa 1440p a 144Hz, amma 4K a 60 yake tsayawa. Don 4K a 120 sai HDMI 2.1, mai kaiwa gigabit 48. Abin takaici, dokar sanya sunan ta yi sako-sako, har kamfani yana iya rubuta 2.1 alhali ramin bai fi 2.0 ƙarfi ba, don haka a nemi inda aka rubuta 4K 120Hz ƙarara. Mai kwamfutar tebur ya yi amfani da DisplayPort, domin a alluna da yawa ta nan ne kawai ake samun cikakken saurin. PS5 da Xbox ba su da wannan ramin. Mai laftof kuma ya binciki abin da ramin laftof ɗinsa ke iya fitarwa kafin ya je kasuwa.

HDR, wato tsarin da ke ƙara wa hoto bambancin haske da duhu da armashin launi, ba zan daɗe a kansa ba. Alamar DisplayHDR 400 da ke jikin alluna masu arha tana nufin allon yana karɓar saƙon, amma ba shi da fitilun da ake rage wa haske yanki-yanki, wanda shi ne ke sa HDR ya yi kyau. Sai a OLED ko allo mai ƙananan fitilu ɗaruruwa a baya ake ganin abin. Kada ka ƙara ko sisi saboda wannan alamar.

Akwai abubuwan da masu gwaji na Turai da Amurka ba sa kawowa saboda ba su dame su ba. Na farko wuta. Allo mai inci 24 yakan ci wat 20 zuwa 30, babba mai 4K ko OLED ya fi haka, kuma mai dogaro da sola ko inbata ya san wannan lissafi ne. Dawowar wutar Nepa da ƙarfi ko sauyawa zuwa janareta na daga cikin abubuwan da ke kashe alluna, saboda haka kuɗin sitabilaiza ko UPS yana cikin kuɗin allo tun farko. Na fi son allon da adaftarsa ke waje, domin in wuta ta yi ɓarna sau da yawa adaftar ce ke ƙonewa, a sayi wata a ci gaba, maimakon a buɗe cikin allon. Na biyu ƙura. Lokacin hunturu kada ka goge gilashin da gefen riga, ƙurar tana da yashi kuma tana karce shi. A fara kaɗe ta, sannan a bi da tattausan ƙyalle mai ɗan danshi, ba a fesa ruwa kai tsaye. In an gama a rufe shi da mayafi. Na uku sauti: alluna da yawa ba su da lasifika, mai PlayStation ya duba ko akwai ramin iyafis a baya.

Da yawanmu na hannu za mu saya, ko a Farm Centre ta Kano, ko Banex a Abuja, ko a yo saƙo daga Computer Village ta Ikeja, kuma babu laifi a hakan. Yawancin na hannun allunan ofis ne masu 60Hz, masu ƙarko, sun dace da PS4 da ƙaramar kwamfuta. A guji mai ɗigo 1366 da 768, da wanda ba shi da rami sai VGA mai shuɗin kai. Sabo ne ko tsoho, kada ka biya sai an kunna a gabanka. Ka sa a cika allon da fari, sannan baƙi, ja, kore, shuɗi, ka matso da fuskarka kusa kana bin kowane lungu. Mataccen ɗigo yana fitowa baƙi a kan fari, wanda ya maƙale kuma yana ƙyalli a kan baƙi. A kan baƙin ka kare hasken shago da hannunka ka duba gefuna ko fitila tana yoyo. A kan fari ka duba ko wani ɓangare ya yi rawaya, alamar tsufa ko zafi ke nan. In akwai intanet a buɗe shafin TestUFO, zai nuna ainihin Hz da allon ke gudu a kai, ya kuma tona inuwar da ke bin motsi. Ka gwada kowane rami, ka ɗan girgiza wayar a ciki ka ga ko hoto zai ɗauke. Ku yi magana a kan kwana nawa za ka iya dawo da shi, a rubuta a rasit.

In ka kai gida saura aiki uku. Ka tabbata wayar tana jikin katin hoto, ramukan da ke ƙasa a kwance, ba na jikin babban allon injin da ke sama kusa da ramukan USB ba. Ka shiga saitin nuni na Windows ka ɗaga Hz da hannunka, domin sau da yawa a 60 yake barinsa, kuma akwai masu allon 165 da suka daɗe suna bugawa a 60 ba su sani ba. Sannan ka shiga menu na allon ka kunna FreeSync ko G-Sync, saitin hanzarin ɗigo kuma ka ajiye shi a matsakaici, ka ƙara mataki ɗaya kana kallon abu mai motsi, da ka ga farin zobe ya bayyana ka koma na baya.